Amanar da Aka Ciro a Ƙarƙashin Gadona

Takalman na fara gani. Na dawo daga markaɗe da bokiti a kaina, ina sako ƙafa tsakar gida sai na hango silifas birjik a ƙofar ɗakina kamar ana rabon zakka, alhali da hannuna na ja ƙofar nan kafin in fita. Katifata tana jingine da bango a cikin rana. Wata baƙar kaza tana tsaye a gefenta tana ta kyarkyara kamar ita aka zalunta. Na yi sallama, babu wanda ya amsa. A gidan da ko akuya ce ta shigo sai an tanka mata, ga mata sun cika ɗaki amma ko tari ba ka ji. Nan take na gane, domin abu ɗaya ne tak a ɗakin nan da bai kamata ido ya gani ba, kuma a ƙarƙashin gado yake.

Ku 'ya'yana, in Allah ya nufa kun zo duniya har kun iya karatu, ku nake rubuta wa wannan. Na san sai mutum ya tsufa yake zama ya ba da labarin rayuwarsa, ni kuwa ko shekara ban cika a gidan babanku ba. Amma ba zan iya jira ba, don labarin ya riga ya fita daga hannuna. A nan Gude ana cewa da wuƙa aka kama ni. A Kabo an ce bindiga ce. Wata mata a motar Gwarzo, ba ta san ni ce ba, ta ba ni labarina tiryan-tiryan, har da cewa mijin yana kwance a asibiti. Kafin ku yi wayo Allah kaɗai ya san abin da zai koma. Har yau in na ji an ja gado a ƙasa sai ranar nan ta dawo mini sabuwa. Duk da haka gara ku ji daga bakina.

Ni 'yar Gwarzo ce. Gidanmu 'yan kasuwa ne, hatsi da atamfa muka sani, iyakarmu da saniya mu ga namanta a miya. Su babanku kuwa kakanninsu makiyaya ne, sun zauna sun kama noma, amma har yanzu bayan gidan turke ne da shanu. A danginmu na wajen uwa akwai wani ƙunshi da ake ce wa Amana. Tsawonsa ya kai kamu guda, nauyinsa kamar na ƙaramar taɓarya. Duk yarinyar da aka aurar, ranar jere kakarmu Iya za ta shigo da shi a ɓoye cikin kwalla, ta yagi ƙyalle daga zanen amarya ta ƙara naɗe shi, ta tura ƙarƙashin gado. A nan zai zauna har amarya ta yi haihuwar fari, sannan a mayar wa Iya ta ajiye wa ta gaba. Ba a kwance shi, ba a nuna wa namiji, ba a zancensa a gidan miji. Ranar da aka kawo nawa na tambaye ta.

"Iya, wai mene ne a ciki?"

"Amana ce."

"Na ji Amana ce. Da me aka yi ta?"

"Uwarki ba ta tambaya ba, ta haife ku ku bakwai. Ke da kika yi boko sai ki yi ta tambaya, kya haifi takarda."

Na gama sakandare, na yi Islamiyya, na san haihuwa ta Allah ce, kuma na san sunan irin wannan abu camfi. Amma wa zai tsaya musu da Iya ranar jere, mata cike da ɗaki ana guɗa? Na ce a raina tsumma ne, ba ya ci ba ya sha, ya yi zamansa. Da haka na manta da shi, sai in tsintsiya ta bugo shi nake tunawa.

Abin da ya tona ni kazar nan ce. Ta Inna ce, mahaifiyar babanku. Ta daina yin ƙwai a akurki, Inna ta yi ta fakonta har ta ga ta saɗaɗa ta wata kafa a ƙofata ta shige. Ta bi ta, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ga ƙwai, ta ga kuma abin da ke bayan ƙwan. Ba ta taɓa ba. Ta kira Goggo Dije, yayar surukina Baffa, wadda take zaune a gidan tun rasuwar mijinta. Goggo Dije kuwa in ta ji sirri, kafin ta rufe baki unguwa ta ji.

Da na shiga na tarar an jingine gadon, ƙunshin yana tsakar ɗaki a kan leda. Da muciya aka jawo shi. Mata sun zagaye shi, kowa ta tattare zaninta kamar zai yi tsalle ya kama ta. Inna tana zaune a kan kujerata, fuskar nan babu alamar ta taɓa dariya.

"Amarya," in ji ta, don har yau haka take kirana, "wannan fa?"

Na buɗe baki, sharaɗin Iya ya tokare ni. Na ce ban san abin da ke ciki ba. Gaskiya ce tsantsa, amma ko ni da na faɗa na ji ta yi kama da ƙarya.

"Ba ta sani ba!" Goggo Dije ta tafa hannu. "Da ƙafarsa ya shigo, ya yagi zanenta na biki ya ɗaura. Ni dai na daɗe ina faɗa. Yaron nan da sai an yi isha ake ganinsa, yanzu daga makaranta sai ɗaki. Majalisa ta neme shi ta gaji. Ku dubi wuyansa, har ya fara ninkewa. Jiya da idona na gan shi yana ɗauraye kofi."

Mata suka ɗauki salati. Babanku malamin firamare ne, kuma ɗan fari ne, shi ya sa Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Amma ranar nan ba ta iya ɓoyewa ba. Ta dube ni ta ce, "Ke kika ajiye, ke za ki kwance."

Na durƙusa na fara warwara. Ƙyallen atamfata ne a sama. Ƙarƙashinsa na 'yar ƙanwar mahaifiyata, sai wani leshi da na gane na Anti ne, ƙanwar mahaifiyata, sai shadda, sai irin atamfar da a hotunan da kawai nake gani. Ina kwancewa ina jin kamar matan gidanmu nake tuɓewa ɗaya bayan ɗaya a gaban baƙi. Can ƙasa na iske baƙin saƙi da ya ci shekaru har yana marmashewa, cikinsa kuma fata ce a ɗinke. Aka miƙo mini reza a bakin muciya. Na farke ɗinkin, sai ga ƙarfe.

Wani irin awartaki ne, ƙato, da hannuwa biyu dogaye da baki mai faɗi, dakusasshe, a rufe gam. Babu tsatsa ko ɗigo, don an shafe shi da wani daskararren mai. Mata suka ja da baya har wata ta faɗa kan kwanukana. Wata ta ce na cire haƙorin raƙumi ne. Wata ta ce irinsa masu ruƙiyya suke kama babban yatsa da shi. Goggo Dije ta ce duk su yi shiru, abin a fili yake: bakin ƙarfe a rufe, bakin yaro a rufe.

Ni kuwa tun da ya faɗo kan ledar nake jin kamar an watsa mini ruwan randa, saboda na san shi. A aji biyar na sakandare, a darasin aikin gona, na zana shi da fensir a jarrabawa, har na ci makin. Na tuna shafin, na tuna hoton bijimin da ke gefensa, na tuna yadda maza suka yi ta dariya malam yana buga tebur. Na yi addu'a Allah ya sa na cire haƙorin raƙumi ne. Na sake kallonsa. Shi ne dai.

Da na yi shiru, wataƙila a tsaya a kan rufe baki, wanda ko banza ya fi sauƙi. Amma na ga yamma tana yi Baffa zai shigo, kallo ɗaya zai yi masa ya gane, sannan a ce na sani na ɓoye. Sai na ce a hankali, "Inna, kamar na taɓa ganin hotonsa a littafi. Na shanu ne."

"Ɗazu ba ta sani ba," in ji Goggo Dije, "yanzu har littafinsa ta karanta."

Aka aika turke aka kira Baffa, aka aika makaranta aka kira babanku. An fito da ƙarfen tsakar gida. Na raɓe a jikin bango na ja mayafi har hanci, don ban taɓa tsayawa gaban Baffa ido da ido ba. Yana shigowa ya hango shi, sai fuskarsa ta washe kamar ya ga tsohon aboki. Kafin mata su hana shi ya sunkuya ya ɗauka.

"Kai! Ina kuka samo wannan? Ai na da ne, na asali. Yanzu ba a yin irinsa." Ya buɗe bakin ya rufe, ya ba da wani sauti, ƙwas. "Ji fa. Ko sassautawa bai yi ba."

"Malam," in ji Inna, "na mene ne?"

"Na shanu ne."

"An gaya mana. Me ake yi wa shanun da shi?"

Sai a lokacin Baffa ya lura da matan unguwa, ya lura da ni a jikin bango. Ya dubi sama, ya gyara hula, ya ce, "Gyara su ake yi." Ya tambayi inda aka samo shi. Da aka ce ƙarƙashin gadon ɗansa, ya ajiye ƙarfen a ƙasa a hankali kamar mai ajiye jariri. Goggo Dije ta ja hannun rigarsa zuwa zaure. Ba su jima ba ta fito hannu biyu a ka.

"Na dandaƙa ne! Jama'a, ƙarfen dandaƙar bijimai ne!"

Daidai nan babanku ya turo babur ɗinsa. A cikin shanu ya tashi, ba ya bukatar bayani. Ya dubi ƙarfen, ya dubi katifar, ya dubi gadon da aka jingine, ya nemi turmi ya zauna ya haɗe gwiwoyinsa. Ya juyo wajena, muryarsa can ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo ni."

Ya ce, "Inna lillahi," bai ƙara ba. Ban ga laifinsa ba. Gaban iyayensa ne, kuma zancen ba irin wanda ɗa yake sa baki ba ne, ko da kuwa shi abin ya fi shafa.

Yanzu kuna dariya, na sani. Ni a lokacin ban ga abin dariya ba. Watanni sun shuɗe babu ko ɓatan wata, ga ƙarfen da aikinsa ke nan an ciro a ɗakina, ga shi na ce na san shi. A garin nan in aka ce mace ta yi wa mijinta asiri, ba aurenta kaɗai ya mutu ba. Ƙannena mata da ke Gwarzo su ma sun shiga uku, duk wanda ya zo neman su sai an ja shi gefe an gaya masa. Inna ta miƙe, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Amarya, ki haɗa 'yan kayanki ki je gida ki huta kwana biyu." Duk macen da ke tsakar gidan nan ta san irin kwana biyun da ake nufi.

A nan na karya sauran sharaɗin Iya. Na rarrafo na durƙusa gabanta, na ce ba ni na kawo shi ba, na gidanmu ne, duk matan danginmu sun kwana a kansa, kuma in an yarda a kira kakata ta zo ta faɗa da bakinta. Na san abin da nake yi. Na ɗauki sirrin da mata suka riƙe tun kafin a haifi uwata na shimfiɗa shi a tsakar gidan surukai. Har yau akwai 'yan'uwan mahaifiyata da in na kira su a waya sai su ce suna salla. Baffa ya ce a kira ta. Babanku ya miƙo mini wayarsa daga nesa, bai tashi daga kan turmin ba.

Bayan azahar Iya ta iso a bayan ɗan acaba, tana masa faɗa ya zuba ta a rami. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, goro a kunci, carbi a wuya. Ina tsammanin za ta tambayi abin da ya faru. Ina! Aka shimfiɗa mata tabarma ta zauna ta kama gaisuwa. Ta gai da Baffa, ta tambayi gida, ta tambayi gona, ta tambayi damina, ta tambayi shanu, ta tambayi masu jego a unguwa. Ta juya kan Inna ta faro daga farko. Ta hango babanku ta ce, "Angona, ka yi ƙiba, girkin ya karɓe ka." Goggo Dije ta ce, "Kun ji ko." Ni ina jikin bango ina mutuwa a tsaye. Sai da ta sha ruwa ta yi hamdala sannan idonta ya sauka kan tarin ƙyallayen.

"Wa ya tuɓe ta?"

Ta rarrafa ta tattaro tsummokaran tana kakkaɓewa, tana kiran sunayen masu su, rayayyu da matattu. Sannan ta ga ƙarfen. Ta daɗe tana kallonsa, don ita ma ranar ce farkon ganinta da shi.

"Ashe haka kike," ta ce masa. "Ni na ɗauka allo ne."

"Hajiya," in ji Baffa, yana kallon ƙasa saboda kunyar suruka, "wannan kayan aikin dabbobi ne. In bijimi ya cika rigima, ana so ya natsu, ya daina bin garke, ya zauna wuri ɗaya ya yi ƙiba, to da shi ake amfani."

"To, alhamdu lillahi," in ji Iya. "Ashe ma abin arziki ne. Wace mace ce ba ta son haka a gidanta?"

Wata mata ta saki ƙara. Babanku ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Na ce shi ke nan, Iya ta gama haƙa mini kabari ta kuma kawo likkafani. Baffa ya rasa yadda zai yi, sai ya zaro zare daga bakin rawaninsa, ya naɗe shi cikin ganyen masara, ya sa a bakin ƙarfen ya matsa. Ya buɗe ganyen ya nuna mata: ganye lafiya lau, zare ya rabu biyu. Iya ta ce dabara ce mai kyau, amma ita ba ta ga abin tayar da tsohuwa daga Gwarzo ba. Goggo Dije ta gaji, ta durƙusa ta kafa baki a kunnenta ta yi mata bayani irin na mata, har da nuni da hannu.

Iya ta daina tauna goro. Ta dubi ƙarfen, ta dubi babanku, ta sake duban ƙarfen. Ta tofar da goron a tafin hannunta, abin da ban taɓa gani ba.

"Duka biyun?" ta ce.

"Duka," in ji Goggo Dije.

Sai Iya ta miƙe ƙafafu a kan tabarma kamar ƙaramar yarinya ta kama salati. Daga salati ta koma kiran mahaifinta da ya rasu tun tana 'yar mitsitsiya. "Baba, Allah ya jiƙanka, amma ka cuce mu! Ka rasa inda za ka ajiye sai ƙarƙashin gado?" Hawaye yana zuba, dariya tana ƙwace mata. Da ta lafa ta ba da labarin da ko mu jikokinta ba mu taɓa ji ba. Ta ce mahaifinta yana bin likitocin dabbobi rugage yana ɗaukar musu akwati. Wata rana ya dawo da abu a ɗinke cikin fata, ya tura ƙarƙashin gado, ya ce amana ce aka ba shi, kada wanda ya taɓa. Bai daɗe ba ya kwanta ciwon ajali, masu amana kuma ba su taɓa zuwa nema ba. Uwarsu ta ci gaba da share gefensa. Da ita ma ta rasu, yayar Iya, wadda ta daɗe a ɗakin miji babu haihuwa, ta gaji gadon da duk abin da ke ƙarƙashinsa. Shekara ba ta zagayo ba ta haifi tagwaye.

"To ku gaya mini," in ji Iya, "in ku ne me za ku ce?"

Baffa ya ce shi dai a saninsa ƙarfen nan ba ya aiki daga nesa, sai an kama an matsa, kuma sai ƙarti sun danne. Goggo Dije ta ce ai kwaɗon da ake rufe mutum da shi ma ba a jikinsa ake maƙala shi ba, a rijiya ake jefawa. Mata suka ce wannan gaskiya ne. Na dubi Inna, fuskarta ba ta motsa ba. Ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in tafi ba.

Iya ta share ido ta gyara zama. Na san wannan zaman, shi take yi in za ta ci mutum a ciniki.

"Bari in lissafa muku mazan da suka kwana a kansa, in ya so ku nuna mini wanda ya nakasa."

Ta fara da kakanmu, ta bi ta kan mahaifina, ta bi mazan 'ya'yanta da na 'ya'yan yayarta, kowanne da yawan abin da ya tara. Ta ce akwai wanda in za su je Idi sai ya ɗauko shatar mota. Akwai wanda ya zo har gida ya roƙe ta ta yi wa matarsa magana ta sarara, bai san ma da Amana ba. Ta zo kan wata jikar yayarta, Asabe, da ke aure a Sabon Birni.

Inna ta ɗago kai. "Wace Asaben? Matar mai injin casa?"

"Ita."

"Wadda duk shekara sai an aiko mana goron suna?"

"Ita dai. Daga ɗakinta ma sai da na aika da faɗa aka dawo mini da Amanar."

"Sabulun barkar da na kai gidan nan," in ji Inna a hankali, kamar da kanta take magana, "ya isa buɗe shago."

Wata mata ta tuntsire da dariya, wata ta kama, kafin ka ce me tsakar gida ta rikice. Har Goggo Dije sai da ta toshe baki da mayafi, tana cewa ita dai ba ta janye zancen ɗauraye kofi ba. Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta shige ɗakinta ta saki labule.

Iya ta ce ita ta gama da ƙarfen nan, ba za ta iya sake kai shi ɗakin wata amarya tana sane ba, a jefa shi masai. Baffa ya ce subhanallahi, wannan ai almubazzaranci ne, yana da 'yan maruƙa biyu da suka isa. Ya ɗauke shi ya kai ɗakinsa yana shafawa. Iya ta ƙulle ƙyallayen a bakin zaninta, amma nawa ta jefo mini. Da na raka ta zaure ta ce, "Kin tona mu, 'yar boko." Ta hau babur ba ta waiwayo ba. Matan unguwa suka watse, kowa tana sauri ta riga 'yar'uwarta kai labari. Babanku ya ce zai je masallaci, alhali ko kiran la'asar ba a yi ba.

Na koma ɗaki na zauna a ƙasa. Dariyar da aka yi ba ta sauya komai ba. Wadda ta ce in tafi ba ta ce in zauna ba, kuma a gidan nan maganarta ce magana. Na ɗauko jaka na sa kaya, na fitar, na sake sawa. Na yi la'asar ban san abin da na karanta ba. Duk takun da na ji sai in ce ga shi nan an zo a ce mini mai babur yana jira. Na yi ta tunanin yadda zan shiga gidanmu da jaka a hannu, da abin da zan ce wa mahaifina, wanda shi ma bai san a kan me ya kwana ba.

Rana ta yi sanyi, an fara kaɗo shanu, sai na ji sallamar Inna a bakin ƙofa. Tun da aka kawo ni ba ta taɓa shigowa ɗakina ita kaɗai ina ciki ba. Ta shigo ta saya labule, hannunta ɗaya a cikin hijabi. Ta dubi jakar.

"Ina za ki?"

"Kin ce in je gida, Inna."

"Na ce. Yanzu kuma na ce ba inda za ki. Ba ki yi komai ba, na gani. Duk wadda ta sake ɗaga zancen nan a gidan nan, da ni take yi, ko da Dije ce."

Kukan da na riƙe tun safe ya ɓalle. Na kama ƙafarta ina godiya, majina da hawaye. Ta ce in tashi, ba ta son sakarci. Sannan ta leƙa waje ta tabbatar ba kowa, ta zaro hannunta daga hijabi. Ƙarfen ne, naɗe cikin wani sabon ɗankwalinta.

"Haihuwa ta Allah ce, na sani," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Malam ya nemi wani ya yi wa maruƙansa. Karɓi, ki mayar inda yake."

Na karɓa da hannu biyu, bakina a buɗe. Har ta kai ƙofa ta tsaya, ta yi ƙasa da murya.

"Amma a gefenki. Kar ki kuskura ki sa a gefen shi wancan."